Hajar da ba a auna ta da tiya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da sunka baro hidimominsu sunka zo. Ina gaida shugabannin wagga ƙungiya, da ku samari da ƴan mata, har da baƙinmu na Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri. Allah ya saka ma kowa da alheri, ya maida kowa gida lafiya.

Kwamiti ya ce in yi magana kan matasa da aiki. Wannan fage ne mai faɗi, in anka ce a zagaye shi sai mu kai magariba. Don haka zan tsaya kan ɓangare guda, wato gidajen aikin da hajarsu sani ce, da yadda ƙwarewar ma'aikaci ke ɗaga irin wannan gida ko ta kada shi.

Mu fara daga kasuwa, tunda kowa nan ya san ta. In za ka sayi hatsi, ga tiya, ana aunawa gabanka, kana iya damƙar tsaba ka duba ko da tsakuwa. In rago ne, ka taɓa gadon bayansa, ka buɗe baki ka ga haƙora, ka sa shi ya yi tafiya. Ba ka fidda kuɗinka sai idonka ya gamsu. To amma akwai waɗansu gidaje da ke saida abin da ido ba ya gani. Kilinik mai zaman kanta, farmasi, kabinen kwantabul, ofishin lauya, biron injiniyoyin da ke nuna inda za a haƙa foraj, gidan likitan dabbobi. Abin da kake biya wajensu shi ne abin da ke cikin kan ma'aikaci da hannunsa. Kana biya kafin ka gani, wani lokaci ma ko bayan an gama aikin ba ka iya gane an yi maka daidai ko an cuce ka, sai bayan wata shida in pampo ya ƙafe ko takardar lanho ta iso.

Ɗan kasuwa, in yaronsa ya gudu, buhunnansa na nan cikin magaza. Amma a ce gobe da safe ma'aikatan kabine su ƙi zuwa baki ɗaya, me ya rage? Teburi, kujeru, kwamfuta da hatimi. Mai gidan yana da suna bisa allo, amma ba shi da abin saidawa. Shi ya sa lissafin irin waɗannan gidaje ya bambanta da na kanti, kuma shi ya sa ku da za ku shiga cikinsu, ko za ku buɗe naku, ya kamata ku san nauyin da za ku ɗauka.

Misalin da zan daɗe a kansa na ƙasarmu ne, kuma ya shafi garkenmu. Tsofaffin nan sun san lokacin da lafiyar dabbobi kacokan take hannun gwamnati. Daga baya, a shekarun 1990, gwamnati ta fara janye hannu daga saida magani da yin jinya, anka ce masu zaman kansu su shigo. Sai dai likitan dabbobi, wanda galibi ya yi shekaru yana karatu a makarantar EISMV ta Dakar, ba shi iya buɗe gida a karkara ya rayu shi kaɗai. Ƙasa da faɗi, dabbobi a warwatse, makiyayi ba shi kora saniya marar lafiya tafiyar yini biyu zuwa gari. Wurin da likita ya bari, masu tallan magani bisa tebur ranar kasuwa sunka cike shi.

A shekarar 2003, a Dakwaro cikin jihar Maradi, ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar Beljiyam da ake ce ma VSF, tare da ƙungiyar Karkara ta nan Nijar, sunka fara gwada wani tsari da anka sani yau da suna SVPP, ma'ana aikin likitan dabbobi mai zaman kansa kusa da jama'a. Ga yadda yake. Likita guda ne ke da gidan, shi ke da takardar izini, shi ke sayo magani mai kyau ya ajiye. Ƙarƙashinsa akwai mataimakan kiwo a ƙauyuka da rugage, mutanen wurin ne ke zaɓen su, a horar da su, a ba su kayan aiki. Suna ɗaukar magani wajen likita, su yi aiki, su samu ɗan rabonsu cikin riba. Likita na zagayawa ya duba aikinsu, kuma lokaci lokaci a sake kiran su a ƙara masu horo. In lokacin rigakafin shekara ya zo, gwamnati na iya damƙa ma gidan aikin yankinsa ta biya shi. Tsarin ya yaɗu zuwa gundumomi da dama, har hukuma ta karɓe shi.

Yanzu ku lura da kyau. Wa makiyayi ke gani? Likitan nan mai digiri, wani makiyayin sai ya shekara bai sa shi a ido ba. Wanda yake gani shi ne mataimaki, yaron da ya zo bisa moto ko keke da jaka. Sunan gidan baki ɗaya yana rataye a hannun wannan yaro.

Kuma aikin ba tsira allura kawai ba ne. Maganin dabba da nauyi ake ba da shi. Mataimakin da bai iya ƙiyasta nauyin bijimi ba, sai ya ba shi abin da ya dace da maraƙi. Bijimi ya ɗan farfaɗo, ciwo ya dawo, kuma ƙwayar cutar ta fara sabawa da maganin, gobe ko an ba da daidai ba shi ci. Akwai maganin da ake yi ƙarƙashin fata, akwai na cikin tsoka, akwai na baki. Akwai wanda in an yi ma saniya dole a bar shan nononta na wasu kwanaki, kuma in mataimaki bai faɗa ba, yaran gidan ne za su sha. Maganin rigakafi kuwa, irin wanda LABOCEL ke haɗawa a Yamai, yana son sanyi tun daga firigo har zuwa wuyan dabba. In ƙanƙarar akwati ta narke tun hantsi, ko anka dama shi anka bar shi cikin rana, to ruwa ne kawai ake tsira ma awakin mutane. A rubuta cikin kaye an yi ma ɗari uku rigakafi, wata biyu annoba ta shigo ta kwashe su.

Daga nan sai lissafin gidan ya fara lalacewa, kuma a hankali yake lalacewa. Makiyayi ba shi kai ƙara, ba shi rubuta takarda. Yana dai faɗa ma ƴan uwansa bakin rijiya cewa maganin likita da na tebur duk ɗaya ne, gara mai araha. Ciniki ya ragu, magani ya zauna har kwanansa ya ƙare, likita ya kasa biyan bashin wanda ke kawo mashi kaya, ya kasa sa man zagaye. Da zagaye ya tsaya, sauran mataimaka ma aikinsu ya fara sakwarkwacewa. Mutum guda mai ƙaramin sani ya ja gida duka. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to a nan ƙuƙumin ba wuyan mai shi kaɗai yake kamawa ba.

Ku juya abin ta ɗaya gefen. Mataimakin da ya iya, wanda ke tambaya kafin ya buɗe jaka: yaushe ta bar cin ciyawa, tana tari, akwai wata cikin garke mai irin wannan, daga wace kasuwa anka sayo ta? Wanda ya san iyakarsa, in abin ya fi ƙarfinsa ya buga ma likita waya maimakon ya yi ta gwaji kan dukiyar mutane. Irin wannan, labarinsa ma bakin rijiyar yake yaɗuwa. Shi ke kawo ma gida kiliyan, shi ke sa makiyaya su fito da dabbobinsu ranar rigakafi maimakon su ɓoye su cikin daji. Kuma shi ne na farko da ke shaida ma hukuma in wata cuta ta ɓullo.

Kada wani ya raina wannan matsayi. Ciwon bushiya, wanda ya share shanun ƙasar Hausa da na Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma sake yin ɓarna a farkon shekarun 1980, an bayyana ƙarewarsa daga duniya a shekarar 2011. Cuta ta biyu ke nan da ɗan Adam ya ga bayanta, bayan agana. A wuraren ƙarshe da ta maƙale, kamar ƙasar Afar ta Habasha da kudancin Sudan, inda motar gwamnati ba ta kai, makiyaya ne da anka horar sunka ɗauki maganin rigakafi mai jure zafi sunka bi garke garke da ƙafa. Masana sun yi nasu a ɗakin bincike, amma hannun da ya kai allurar na ɗan ƙauye ne da anka koya ma aiki da kyau.

Wani abu da sani ya bambanta da sauran haja shi ne yana tsufa ba tare da mai shi ya ji ba. Hatsi in ya fara ruɓa, wari zai faɗa maka. Sani ba shi wari. Ku da kunka karanta lissafin kuɗi kun san OHADA, yarjejeniyar dokokin kasuwanci da anka sa ma hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, wadda Nijar ke cikin ƙasashe 17 da ke aiki da ita. An sake fasalin tsarin lissafinta, SYSCOHADA, sabon ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018. Kwantabul ɗin da ya fita lakwal a 2010 da maki mai kyau, in bai koma ya zauna ya sake koyo ba, daga wannan rana bilan ɗinsa na tsohon yayi ne. Bayan haka ga takardar saye mai shaidar hukumar haraji ta zo da na'urarta. Ɗan kasuwar da ya ba kabine amanar takardunsa bai san wannan duka ba, abin da ya sani kawai an ci shi tara, kuma badi ba shi dawowa. Kabinen da ta tura ma'aikatanta horo ta kashe kuɗi a wannan shekara, gaskiya ne. Amma wajenta waɗancan ƴan kasuwar sunka koma.

Nan zan juya ga iyayenmu masu gidajen aiki da ke zaune cikinmu, ku yi mani haƙuri. Akwai wata magana da ake yawan ji: in na koya ma yaro duka, gobe zai buɗe nasa ya kwashe mani mutane. Sai maigida ya riƙe sirrin aiki, yaro ya shekara biyar yana shara da sayo shayi. Ni a ganina wannan lissafi ne da ke cin mai shi. Gidan da mutum guda kaɗai ya iya aiki, girmansa bai wuce awannin da mutumin ke iya tsayuwa ba. Ran da ya tafi Hajji an rufe, ran da zazzaɓi ya kada shi an rufe, ran da Allah ya karɓi abinsa a cire allo. Mun ga haka ga masu ɗori, mun gani ga masu haƙar rijiya da sunka san ƙasar nan, sunka san inda ruwa ke kusa cikin dallol da inda sai an yi zurfi bisa tudu, sunka tafi da saninsu ba wanda ya gada.

E, yaro na iya tafiya. Wasu za su tafi. Amma dubi Akintola Williams na Najeriya. Shi ne ɗan ƙasar na farko da ya samu babbar shaidar ƙwarewa kan lissafin kuɗi a Ingila, ya buɗe kabinensa a Legas a 1952, lokacin da Turawa ke riƙe da wannan aiki. Ya ɗauki matasa ya horar da su, ya maida wasu abokan tarayya cikin gidan, yana cikin waɗanda sunka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta Najeriya, shi ne ma shugabanta na farko. Wato da hannunsa ya yawaita masu yi mashi gasa. Duk da haka gidan ya girma har ya haɗe da Deloitte, ɗaya daga cikin manyan kabine na duniya, ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan shi ya yi ritaya. Ya rasu a 2023 yana da shekara 104. Yaron da ya ga akwai matakala gabansa cikin gida, ba kasafai yake tsallake katanga ba.

Sai maganar wa ake ɗauka aiki. Mu nan Arewa zumunci gare mu, kuma alheri ne. Amma ɗan ƙanwarka da bai iya karanta takardar likita ba, in ka tsayar da shi bayan teburin farmasi, ba ka taimake shi ba, kuma ka sa rayukan mutane cikin haɗari. Ka ba shi jari ya yi wata sana'a, ko ka biya mashi makaranta ya dawo da sani. Malamanmu na nan, sun fi ni sanin tarihin Hijira. Lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, zai fita Makka tare da Sayyidina Abubakar, ana neman su ruwa a jallo, wa anka ɗauka jagora? Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, mutumin da a lokacin yana kan addinin mutanensa, amma ya san hanyoyin sahara kamar tafin hannunsa, kuma an amince da shi. Anka yi jinga da shi, anka ba shi raƙuma, ya zo kogon Sauru bayan kwana uku kamar yadda anka yi alkawari, ya bi da su ta hanyar gaɓar teku wadda masu nema ba su zata ba. A tafiya mafi haɗari, gwanin hanya anka nema.

Na ce an amince da shi, kuma da gangan na faɗa. Kabinen Arthur Andersen ta Amurka, wadda anka kafa a 1913, ta kai ma'aikata wajen 85,000 a duniya, tana da makarantar horo tata ta kanta. Sani kam ba a magana. Amma ita ke duba lissafin wani kamfani mai suna Enron, wanda ya rushe a ƙarshen 2001 bayan an gano yana ɓoye bashi, kuma wasu ma'aikatan kabinen sunka yayyage takardu. A 2002 kotu ta same ta da laifi, kiliyan sunka watse cikin ƴan watanni. A 2005 kotun ƙoli ta soke hukuncin, amma ba sauran gidan da za a maida ma suna. Cikin ƙwarewar mai lissafi har da iya ce ma mai biyansa a'a, wannan ba zan sa hannu ba. Haka mataimakin kiwo, cikin ƙwarewarsa har da iya zubar da maganin da ya sha rana, ko da daga aljihunsa za a cire.

To ku ƙannena, maza da mata. Na san da yawanku kuna da diplom cikin akwati, kuna jiran konkur ko wani furoje ya buɗe. Ba na raina takarda, da wahala kunka same ta. Amma takarda ƙofa kawai take buɗewa, sati biyu da fara aiki ba mai sake tambayar ta. Abin da maigida ke dubawa shi ne, in ya ba ka aiki ya tafi Dosso, zai dawo ya tarar an gama, ko sai ya sake daga farko? In sai ya sake, kai nauyi ne bisa gidan ko da ba a biyanka ko dala.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya samu sitaj, ya maida shi wurin cajin waya. Wata uku a kilinik ko a kabine, in ka buɗe ido, sun fi shekara guda a aji. Ka riƙe ɗan kaye, abin da ka gani ka rubuta, abin da ba ka gane ba ka tambaya in maigida ya samu sarari. Matambayi ba shi ɓata. Ka koyi rubuta rahoto gajere wanda wani zai karanta ya gane ba sai ya kira ka ba. Ka koyi yi ma tsohuwa bayanin maganinta da Hausar da za ta riƙe, safe nawa, dare nawa, kafin tuwo ko bayansa, domin maganin da anka sha ba daidai ba, sunan gidanku ne zai ɓaci, ba nata ba. Kuma wayar nan da ke hannunku, wadda ke cinye kuɗin kiredi kan bidiyon dariya, cikinta akwai darussan lissafi da na kwamfuta kyauta.

Ƴan uwa mata, ku ma da ku nake, har ma kun fi. Akwai matan da ba su iya faɗa ma namiji abin da ke damun su, sai su yi shiru har ciwo ya ci ƙarfinsu. Kilinik ɗin da ke da ungozoma ƙwararra mai sakin fuska, mata daga ƙauyuka masu nisa za su wuce wasu su zo wajenta. Kuma kaji da awaki, waɗanda galibi dukiyar mata ce cikin gida, mace mai horo ta fi kowa samun shiga ta yi masu rigakafi. Iyaye, ku bar su su ƙare karatu.

Wuraren koyo kuwa akwai su. IPDR ta Kollo na horar da ma'aikatan gona da kiwo. ENSP na horar da ma'aikatan lafiya a Yamai da Damagaram. Jami'ar Dosso, wadda anka kafa a 2014, ta ba da ƙarfi kan fasahar sadarwa. Ga cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kwaminoni, ga asusun FAFPA da ke tallafa ma horon sana'a. Wanda bai samu ko ɗaya ba, akwai gwani a unguwarsu.

Ga roƙona ga biron ƙungiya. Ku buɗe rajista guda, ku rubuta kowane ɗan ƙungiya da abin da ya iya yi da hannunsa ko da kansa, banda sunan takardar da yake riƙe da ita. A wani shafin ku rubuta ƴan garin nan da ke aiki a kilinik, farmasi, kabine ko biro, nan ko Dutsi ko Ƙonni ko Yamai, waɗanda za su yarda su ɗauki yaro guda na wata uku. Ku sa mutum biyu, namiji da mace, su riƙa bin sawu, suna tambayar maigida yadda yaron yake, suna tambayar yaron me anka koya mashi. In Allah ya kai mu taron badi, a karanta rajistar nan gaban jama'a, a ji nawa sunka je, nawa sunka ƙare, nawa anka riƙe.

Na ga ladan ya fara duban agogo, zan tsaya nan. Masu tambaya, ina nan bayan salla. Allah ya yi ma wagga ƙungiya albarka, ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu.